Ranar da Malam Mu'az Ya Cafe Hularsa

Akwai wani malamin firamare a Potiskum mai suna Mu'az, wanda a shekarar 1996 ya samu aiki a wata makarantar kuɗi da ke unguwar Yerimaram. Shekara biyu ya yi yana yawo da takardunsa kafin ya dace, ga matarsa Hussaina da tsohon ciki. Aikin ma na gwaji ne, zango ɗaya tak.

Mai makarantar, Hajiya Ramlat, ta sayo wani fiyano mai batir daga Kano, irin wanda ke koya wa mutum kiɗa. A saman kowane madanni akwai 'yar jar fitila. Ka zaɓi waƙa, fitila ta kama, ka danna wurin, sai ta gaba ta kama. Ranar da za ta ɗauki Mu'az ta tambaye shi ko ya iya kaɗawa. Bakinsa ya riga hankalinsa, ya ce ai wannan ƙaramin abu ne. Alhali bawan Allahn nan ko taɓa fiyano bai taɓa yi ba.

Hajiya ta ji daɗi. Ta ce shi zai kaɗa wa yara taken makaranta ranar rabon kyaututtuka, don dama an ɗora baitukan a kan wani sauti da ke cikin na'urar. Ta ja masa kunne cewa akwai maɓallin da ke sa fiyanon ya yi kiɗa da kansa, amma ba ta son a taɓa shi. So take iyaye su ga hannun malami yana aiki.

Tun daga ranar Mu'az bai ƙara cin abinci ya ji daɗinsa ba. Da an tashi makaranta sai ya shige ɗakin ajiya, ya turo ƙofa, ya yi ta bin fitilu da yatsa kamar kaza na tsintar gero. Cikin sati uku hannunsa ya yi sauri. Tsoro ya ɗan lafa, girman kai ya maye gurbinsa.

Malama Yelwa mai aji biyu, 'yar garin Gadaka, ta koyi fiyano tun tana kwalejin horar da malamai. Wata rana ta tsaya a bakin ƙofa ta saurare shi, ta kuma lura idonsa bai taɓa barin fitilun ba.

"Malam, ka rufe fitilun nan da takarda ka gwada. Idonka ne ya iya, hannunka bai iya ba tukuna. In kana so, kullum zan zauna da kai rabin awa."

Ya sha kunu, ya ce ya gode, amma na'urar ta ishe shi malami. A ransa kuwa tsoro yake ji kada ta gano shi, magana ta kai kunnen Hajiya.

Ranar taro iyaye suka yi yawa har zauren ya kasa ɗaukarsu, aka fito da komai fili. Baƙi suka shige ƙarƙashin rumfa. Teburin fiyano kuwa aka ajiye shi kusa da layin yara, a tsakiyar rana.

Mu'az ya zauna cikin sabuwar shadda da hula, ya kunna, ya zaɓi waƙa. Bai ga komai ba. Ya sunkuya, ya kare da tafin hannu, da ƙyar ya hango wani ɗan ja-ja. Hasken rana ya shanye fitilun gaba ɗaya.

Yara sittin sun zuba masa ido suna jira. Gumi ya keto masa har yana ɗiga a kan madannai. Ga Malama Yelwa can tsaye a bayan ajinta, taku goma bai kai ba, kuma ta gane halin da yake ciki, har ta ɗan matso. Ɗaga hannu kawai zai yi ta zo. Sai ya kau da kai, ya lallaɓa yatsa ya danna maɓallin da aka hana shi.

Kiɗa ya tashi tsaf, yara suka kama waƙa. Shi kuma ya shiga yawo da yatsu a saman madannai yana rausaya kai. Iyaye suka fara murmushi.

Ana cikin baiti na biyu wata iska ta taso ta fizge masa hula. Kafin ya yi tunani ya miƙe ya cafe ta da hannu biyu.

Kiɗa bai tsaya ba.

Yana tsaye, hula a hannu, fiyano na ta abinsa. Wani dattijo a layin gaba ya fara tuntsirewa, dariya ta bi rumfar har ƙarshe. Yaran da suka shafe wata guda suna haddar waƙarsu suka ruɗe, muryoyinsu suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Wallahi abin tausayi ne.

Bayan an watse Hajiya ta kira shi ofis. Malama Yelwa ta biyo baya tana roƙo a yi masa afuwa saboda iyalinsa. Hajiya ta dube shi ta ce:

"Malam Mu'az, da ka ce min ba ka iya ba, da na haɗa ka da Malama tun ranar farko, kuma aikinka na nan. Rashin iyawa ba laifi ba ne a makaranta, don shi muka buɗe ta. Amma wanda ya yaudari iyaye a gabana, ba zan damƙa masa 'ya'yansu ba."

Ya taka har gida da ƙafa. Hussaina na zaune a tabarma ta miƙe ƙafafunta da suka kumbura. Ta tare shi da fara'a, ta tambaye shi ko Hajiya ta tabbatar masa da aikin. Ya buɗe baki zai ce sai dai gobe, ya ji wata ƙaryar ce ke shirin fitowa. Ya zauna a gefenta ya faɗa mata komai.

Darasi: Kada ka ji kunyar cewa ban iya ba, kuma kada ka raina wanda ya miƙo hannu zai koya maka. Na'ura taimako ce ga mai koyo, ba za ta rufa wa maƙaryaci asiri ba. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, wataƙila akwai wanda taronsa ya kusa.