Kalmar da Abdulwasi'u Bai Ji Ba

Akwai wani mutum a Malanville mai suna Abdulwasi'u. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana cika wa 'yan kasuwa takardun duwan, wato kwastan, a bakin gadar kan iyaka. Da anka rufe iyaka, manyan motoci sunka tsaya, aikinsa ma ya tsaya.

Ya daɗe zaune kafin wata ƙungiyar manoma ta ɗauke shi. Ma'aikatanta kan zagaya ƙauyuka su ɗauko muryoyin manoma, shi kuma ya zauna gida ya saurara, ya rubuta abin da sunka ce da Faransanci. Da rubutun nan ake gane wanda ya samu iri da wanda bai samu ba.

Ya aika Kwatano anka sayo masa kaske na sauraro mai tsada, irin mai rufe kunne gaba ɗaya. Duk wanda ya shigo gidan sai ya nuna masa.

Sai dai ordinatarsa, wato kwamfutarsa, ta tsufa. Da ya soka kaske, sai wata ƙara ta taso kamar kukan sauro, ba ta tsayawa. Daga hantsi har la'asar yana fama da ita. Ya maido magana ɗaya sau biyar, sau shida. In ya gaji, sai ya rubuta abin da yake zaton ya ji. Kullum yakan tashi da ciwon kai, ko abinci ba ya iya ci sosai.

Matarsa Rahina ta ce, "Baban Jannatu, ka kai ma Baba Mamudu shi duba mana."

Baba Mamudu tsoho ne mai gyaran rediyo da waya a gefen kasuwa. Abdulwasi'u ya je don kawai ta bar shi ya huta.

Tsohon ya sa kasken, ya saurara. Sannan ya ce, "Kaskenka lahiya lau yake. Ramin da kake soka shi ne ya gaji."

Ya jawo wani ɗan abu kamar gidan ashana, da guntuwar waya a jikinsa.

"Wanga ana ce mishi dak. Shi ka ɗauko abin da ke cikin ordinatar shi maida shi murya a waje, nesa da ƙarar cikinta. Ba shi da tsada. Gwada ka ji."

Abdulwasi'u ya juya shi a tafin hannu, ya yi dariya.

"Baba, ka san abin da na sa a kunnena kuwa? Wanga abin wasan za ya gyara shi? Aikin nan na 'yan boko ne da sunka yi lakwal, ba rediyo ba ce."

Baba Mamudu ya maida abin cikin akwati. "To, Allah shi sawwaƙe," ya ce, ya ci gaba da aikinsa.

Mako uku bayan haka, da azahar, mai babur ya sauke wata dattijuwa a ƙofar gidansa. Sunanta Azumi, ita ce shugabar matan da ke noman albasa a wani ƙauye na Madécali. Ta sha ruwa, ta huta, sannan ta yi magana.

"Ɗana, an raba irin albasa, ba a ba mu ba. Na tahi ƙungiya, anka ce takarda ta nuna mun samu. Anka ce kai ka rubuta. Mu ashirin da uku ne, mun gyara fangali muna jira."

"Inna, abin da kinka hwaɗa shi na rubuta."

Ya kunna muryarta don ya nuna mata. Ƙarar ta cika kunnensa. Ya maido, ya sake maidowa. Ya kasa rantsewa a kan abin da ya ji.

Rahina ta shimfiɗa wa baƙuwa tabarma. Shi kuma ya saka ordinatar a jaka, ya nufi kasuwa cikin rana.

Baba Mamudu ya karɓi ordinatar. Ya soka dak a gefen ordinatar, ya soka kasken a jikin dak, ya miƙa masa.

Kukan sauron ya ɓace. Ya ji akuya na kuka daga nesa, ya ji numfashin Azumi. Sannan muryarta ta fito sarai: "Har yanzu ba mu samu iri ba."

Shi kuwa "mun samu iri" ya rubuta.

Ya cire kasken, ya sunkuyar da kai. Da ƙyar ya ce, "Baba, ka yi mini aikin gafara."

"Ni ba ka yi mini komai ba. Tahi ga masu albasa."

Ya sayi dak ɗin. Kwana huɗu ya yi yana sake sauraren duk muryoyin da ya taɓa rubutawa. Ya tarar da kuskure a wurare bakwai. Da kansa ya kai gyaran ƙungiya, ya faɗi gaskiya. Shugaban ya yi masa faɗa mai zafi, ya rage masa aiki, amma bai kore shi ba.

Irin ya kai Madécali a makare. Albasar matan za ta nuna bayan ta kowa, lokacin da kasuwa ta riga ta cika. Abdulwasi'u ya san haka. Shi ya sa ya ɗauko buhun irin da kansa a bayan babur, ya kai har bakin gona.

Ya durƙusa gaban Azumi yana ba da haƙuri. Ta dube shi, idanunta duk gajiya.

"Na ji, ɗana. Amma haƙuri ba ya ba albasa ruwa. Ga bokiti can."

Ya naɗe hannun riga, ya ɗauki bokitin, ya shiga layin matan.

Darasi: Kada ka raina shawara don bakin da ta fito, ko abu don araharsa. Girman kanka ba kai kaɗai yake cutarwa ba, akwai waɗanda abincinsu ya rataya a kan aikinka. Abin da ba ka ji da kyau ba, ka tambaya. Ku tura wa 'yan'uwa labarin nan, ko wani zai gyara tun kafin ya makara.