Hular da Aka Binne da Gyamfi

An yi wani mutum a Magazin, unguwar makanikai ta Kumasi, wanda kullum akwai fenti ruwan ɗorawa a gefen farcensa, alhali shi ba mai fenti ba ne. Na lura da hakan wata rana yana karɓar gasasshen agade a bakin hanya.

Wurinsa bodin tifa ake ƙerawa da tankunan ruwa. Da sarƙa ake ɗaga ƙarafan, su yi ta reto a saman kawunan mutane. Ya 'yan uwa, wanda ke zaune a fili yana goge ƙarfe, ba komai a samansa sai sararin Allah, ba a tilasta masa hular kwano. Amma duk inda kaya ke rataye, ko wani ke sama riƙe da guduma, hular ta zama wajibi. Masta, kamar yadda ma'aikatansa ke kiransa, ya san haka sarai.

Sai ya riƙa kwaso tsofaffin hulunan da masu haƙar zinariya suka zubar, waɗanda rana ta gama cinyewa. Ranar Lahadi, in ba kowa, ya shafe tsagar da ke jikinsu da fenti da hannunsa. Tasa kuwa fara ce, sabuwa, mai ƙwari.

Akwai wani mai walda, Gyamfi, mai yawan barkwanci. Ya taɓa ƙwanƙwasa hular da aka ba shi ya ce, “Masta, wannan ai ƙoƙon bammi ne aka yi wa kwalliya.”

“Da wannan ƙaton kan naka? Ƙarfen ne zai ji tsoronka,” in ji Masta. Kowa ya yi dariya.

Wata Talata da rana noti ya kwance daga ƙugiya ya faɗo. Bai fi lemun tsami girma ba. Hular Gyamfi ta dare kamar ɓawon ƙwai. Ana ta rububin kai shi asibiti, Masta ya tattara gutsattsarin ya tura ƙarƙashin tarin ƙarafa. Da labarin rasuwa ya zo, sai ya ce marigayin ne ya cire hularsa saboda zafi.

Gawa ta yi makonni a asibiti, dangi na shirin jana'iza. A tsakanin nan, duk sanda aka ɗauke wuta da tsakar rana, injuna suka yi tsit, sai a ji ƙwanƙwasa daga bangon da ake rataye huluna. A hankali, kamar da gaɓar yatsa. Ban ce fatalwa ce ba. Kwanon rufi ma yakan yi ƙara in rana ta take. Amma me ya sa Masta kaɗai ke fita waje in an fara?

Ana jibi za a binne, kawun Gyamfi ya zo. Ya ce da kayan aikinsa za su shimfiɗe shi don bankwana, bisa al'adarsu, yadda abokan sana'a za su gan shi kamar kullum.

“Tunda ka ce hular ba ta kansa, ai tana nan lafiya,” in ji tsohon. “A ba mu ita.”

Wacce zai bayar? Duk wadda ya ciro daga bango, in aka juya ta za a ga tsaga ta ciki. Sai ya shafe farar tasa da ruwan ɗorawa ya aika.

Waɗanda suka je gaisuwa sun ce warin sabon fenti ya danne turaren ɗakin. Ma'aikata suka zagaya gawar a jere, ba wanda ya dubi ɗan uwansa. Da hular aka rufe shi.

Ranar Litinin ma'aikata suka tsaya a bakin ƙofa, suka ƙi shiga ƙarƙashin sarƙa. Masta ya yi faɗa, ya yi lallashi. Adusei, babbansu, ya tambaye shi a hankali ina farar hularsa. Masta ya nufi wajen huluna. Ya fizgi ɗaya daga bango ya kifa a kai, ya je ya tsaya daidai inda Gyamfi ya faɗi.

“Adusei, ɗaga.”

Aka ɗaga tankin da ke jikin sarƙa. Ashe akwai sifana da aka manta a samansa.

Bai mutu ba. Magana dai ta tafi, hannun dama ya shanye, wurin aikin ya rufe. Yanzu 'yar uwarsa kan zaunar da shi a baranda, ya wuni yana kallon sama, ko ganye ya faɗo sai ya ƙanƙame.

Ya 'yan uwa, wanda ya ɗauki mutum aiki ya karɓi amanar ransa. Mutumin nan ya ci amanar mai rai, ya koma ya yi wa mamaci ƙarya. Hula ɗaya ce ta gaskiya a wurin, ƙaryarsa ta sa ya kai ta kabari da hannunsa. Wa kake rufe wa ido da fenti? Mai binciken gwamnati, ko Wanda ke ganin cikin komai? Allah ya kiyaye mu daga cin amanar waɗanda ke ƙarƙashinmu, ya tsare kawunanmu da nasu.

Kwanakin baya mahaifiyar Gyamfi ta je gidan da Masta yake, sanye da baƙin zanenta. Aka kawo mata kujera da ruwa. Ta tsaya a gabansa ta daɗe, shi kuwa idonsa na kan rufi. Ta gyara zanen a kafaɗa, ta fita ta ja ƙofar a hankali.