Saje Fannami da Injin da Ya Ƙi Jan Ruwa

Akwai wani tsohon soja a garin Haɗejiya, jama'ar wannan shafi, sunansa Fannami, amma ko matarsa Saje take ce masa. Babarbare ne, ga tsage nan a fuska, ba sai ya faɗa ba. Shekara ashirin da biyu ya yi cikin kaki. Ya tuɓe kakin, amma muryar ta biyo shi gida. In ya ce a ba shi buta a tsakar gida, har kajin maƙwabta sai sun nutsu.

Da zai yi ritaya, aka tura su wata makarantar koyon sana'a ta sojojin da za su ajiye aiki. Aka ce kowa ya zaɓa: walda, kafinta, haɗa sola, ɗinki. Saje ya zaɓi gyaran injin ban ruwa. Kuma ya yi dabara, don a fadamar Haɗejiya da zarar damina ta ɗauke, duk inda ka juya inji ne ke ƙara a bakin kogi. Shinkafa nan, albasa can, attaruhu har iya ganinka.

A faɗi gaskiya, ya koyi aikin. Mutumin da ya saba kwance bindiga ya mayar ido rufe, inji bai ba shi wahala ba. Wata shida ya yi, ya fito na ɗaya a ajinsu. Aka ba shi takardar shaida da akwatin kayan aiki, ya dawo gida ya kafa rumfa a bakin titi.

Mako uku yana buɗe rumfa da sassafe, ya jera sifanu daga ƙarami zuwa babba, ya goge su, ya sake jerawa. Ko akuya ba ta leƙo ba. Manoma suna da makanikansu na da, kuma ba mai son ya fara gwada sabon hannu da injinsa.

Ranar wata Talata, cikin zafin bazara, sai ga Yunusa a kan babur, ko hula babu. Shi Yunusa tela ne, bana ne ya fara noman rani. Ya samu lambu a bakin kogi ya zuba attaruhu, Allah ya sa ya yi kyau, yana tsakiyar fure. Manoman da ke kewaye da shi kullum zolayarsa suke, wai tela ya zo ɗinke fadama. Saboda haka da injinsa ya daina jan ruwa, bai faɗa wa kowa ba. Kwana uku yana fama shi kaɗai.

Ya ce, "Saje, ka taimake ni. Injin yana tashi lafiya, amma ruwa ba ya zuwa. In attaruhun nan bai sha yau ba, furen zai zube, shi ke nan wahalar bana ta tafi."

Saje ya ɗauki akwati ya ce, "Hau mu je. Kafin azahar ka gaji da ruwa."

Suka isa. Ga injin a zaune can saman gaɓa, an zura dogon tiyo ya gangara zuwa kogi. Saje bai ko dubi kogin ba. Ya shimfiɗa tsumma, ya naɗe hannun riga.

Wani dattijo da lambunsa ke maƙwabtaka, Malam Bakari, ya tako ya yi sallama. Ya dubi inji, ya dubi gangaren, ya ce, "Saje, kafin ka kwance, da ka ɗan..."

Saje ya katse shi. "Baba, kai ne makanikin ko ni?"

"Kai ne."

"To in ina aiki ba a magana. Mai magana ya ɗaga hannu."

Malam Bakari ya yi shekara talatin yana ban ruwa a wannan gaɓa, ba a taɓa ce masa ya ɗaga hannu ba. Ya koma gindin wata tsamiya ya zauna, ya ce da waɗanda suka taho kallo, "Ku zauna mu ga ilimin makaranta." Wani daga cikinsu ya gwada ɗaga hannun da gaske. Saje ko waiwaye bai yi sosai ba ya ce, "Sauke." Ya sauke.

Sai aka shiga aiki. Saje ya ciro fulogi ya goge. Ya wanke kafireta. Ya buɗe bakin famfon ya duba fankar da ke jan ruwa, lafiya lau. Kowace ƙusa da inda yake ajiye ta a kan tsumma, layi-layi kamar ana fareti. Ya mayar, ya cika famfon da ruwa ta sama, ya ja igiya.

Inji ya tashi da ƙara mai daɗin ji. Tiyo ya yi tari sau biyu, ya tofar da ruwan da bai cika kofi ba, ya yi shiru.

Saje ya ce, "Iska yake sha." Ya bi tiyon yana latsawa, ya ɗaure mahaɗar da roba. Aka sake ja. Tari biyu, shiru.

Aka yi azahar a gindin tsamiya, aka dawo. Saje ya sake kwance injin gaba ɗaya, karo na biyu. Zufa ta jiƙa masa riga har baya. Ganyen attaruhu duk ya langaɓe. Yunusa yana bin layuka yana tsintar fararen furen da suka faɗi, ya zo ya buɗe tafin hannu a gaban Saje, bai ce uffan ba, tunda an hana magana.

Saje ya dubi furen. Ya san abin da ke gabansa. In lambun nan ya mutu a hannunsa, mutanen gindin tsamiya za su kai labari kasuwa kafin magariba. Amma ya juya ya tambayi farar hula? Shi da ya fito na ɗaya? Sai ya ƙara ɗaure fuska ya ɗauki sifana mai lamba goma.

Ana cikin haka wata tsohuwa ta ɓullo daga tsallaken kogi, ƙwaryar nono a ka, ta ɗan tattare zane tana ratsa ruwa. Inna Ramatu ce, Bafulatana daga rugar da ke hayi, kullum ta nan take bi ta sayar wa manoma fura da nono. Ta hau gaɓa, ta sauke ƙwarya, ta ƙare wa Saje kallo. Da ta ga tsagen fuskarsa sai ta washe baki.

Kun dai san wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari. Ko gaban wa ne, in sun haɗu sai sun taɓa, kuma wanda ya yi fushi shi ya faɗi.

Ta ce, "A'a, wa ya ba bawana inji yake ɓatawa?"

Saje ya ɗago, ido ja. Ya ce, "Inna, ana aiki, ba a magana."

"Ni za ka hana magana? Kakanka ma da yake wanke mana ƙore bai hana ni ba. Tun yaushe kake nan?"

Yunusa ya ce a hankali, "Tun hantsi."

"Tun hantsi? Kai Babarbare, a makarantar taku ba a nuna muku kogi ba, sai ƙarfe?"

Saje ya so ya daka tsawa, amma ya san in ya yi, har jikokinsa sai an yi musu gori. Ya haɗiye, ya ce, "Fillo, ke da ba ki san komai ba sai bin saniya, me kika sani a inji?"

Ta ce, "Ban san inji ba, na san ƙafata. Makon jiya da na ratsa kogin nan, ruwa har ƙuguna. Yau dubi zanena, ko gwiwa bai kai ba. Daga hayi zuwa nan na hango inji bakwai, kowanne an haƙa masa gurbi an sauko da shi kusa da ruwa. Naka ne kawai ke zaune a sama kamar mai gari yana jiran a kawo masa gaisuwa."

Dariyar da mutanen gindin tsamiya suka riƙe tun safe ta ƙwace.

Saje ya ajiye sifana. Ya taka bakin gaɓa ya leƙa ƙasa, karo na farko tun zuwansa. Ga alamar inda ruwa yake a da, busasshiyar laka a jikin gaɓa, ga ruwan can ƙasa. Sai abin ya faɗo masa. An koya musu cewa irin wannan famfo yana da iyakar zurfin da zai iya tsotso ruwa, in an wuce nan ko sabo ne dal ba zai ja ba. Ya haddace, ya ma rubuta a jarrabawa ya ci. Sai dai a makaranta daga cikin duro suke jan ruwa, duron kuwa yana tsaye kusa da injin, ba ya gudu ko'ina.

Lafiyayyen inji ya yi wa fiɗa sau biyu.

Ya juyo. Sannan ya nufi gindin tsamiya, ya rusuna a gaban Malam Bakari, ya ce, "Baba, abin da ka zo faɗa mini ke nan da safe?"

"Shi ne."

"Na yi rashin ladabi, ka yafe ni. Nuna mini inda ake haƙawa, da zurfin da ake yi."

Malam Bakari ya ce, "In ɗaga hannu tukuna?"

Saje ya ce, "Baba, ka rufa mini asiri."

Dattijon ya yi murmushi ya miƙe. Ya gangara ya zaɓi wurin da ƙasa ke da ƙarfi, ba yashin da zai zabtare ba, ya zana da sandarsa. Aka kawo diga da shebur. To a nan fa aka ga soja. Mutumin da ya haƙa ramukan fakewa a daji shekara da shekaru, gurbin inji wasa ne a wurinsa. Matasa uku suna kwashe ƙasa, ba su iya bin sa ba. Ya daddaɓe gindin, ya yi matakala, ya haɗa injin, aka tallabo shi aka sauko da shi.

Ya cika famfo, ya yi bisimilla, ya ja igiya. Tiyo ya yi tari ɗaya, ya kumbura, sai ga ruwa ya fito da ƙarfi har ya ture Yunusa da ke riƙe da bakinsa. Tela ya zauna daɓas cikin laka yana hamdala.

Kafin rana ta faɗi lambu ya sha. Layuka huɗu na can sama sun riga sun zubar da fure, sauran duka suka tsira. Saje ya tsaya gaban kowa ya ce, "Injin nan ba abin da ya same shi. Layukan nan huɗu da na saurari Baba da safe, da ba su zube ba. Laifina ne."

Malam Bakari ya ce, "Na ga yadda ka kwance shi ka mayar, ko ƙusa ɗaya ba ta ɓata ba. Nawa yana shan baƙin mai. Gobe ka zo ka duba mini."

Inna Ramatu ta ce, "Ni kuma fa? Shawarar Fulani ba kyauta ba ce. Ɗauki ƙwaryar uwar ɗakinka ka tsallakar da ita."

Haka Saje Fannami, mai igiya uku, ya naɗe wando, ya ɗora ƙwaryar nono a ka, ya shiga kogi. Tsohuwa na biye da shi tana cewa, "Hagu, dama, hagu, dama. In ka zubar mini da nono sai ka yi tsallen kwaɗo."

Darasi: Takardar makaranta gaskiya ce, sana'a kuma mutunci ce ga duk wanda ya bauta wa ƙasa ya dawo gida. Amma komai ƙwarewarka, kafin ka ɗauki sifana ka saurari mutanen da ka tarar a wurin, kuma in ka yi kuskure ka faɗa da bakinka. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, musamman wannan abokin naku da ba a gaya masa magana. Kun san shi.