Mai-agogo da Murfin Jirgin Yaƙi

Masu bibiyar wannan shafi, barkanku da war haka. Ku ɗan ba ni aron kunnuwanku.

Akwai wani dattijo da kowa ke kira Mai-agogo, domin gyaran agogo ya yi tun yana saurayi har gashinsa ya yi fari fat. Da mutane suka koma duba lokaci a waya, sai ya rufe shago, ya kwaso hantsakinsa da madubin idonsa ya dawo da su gida. Amma hannun da ya saba aiki ba ya yarda da zaman banza. Sai ya kama harhaɗa ƙananan jiragen yaƙi na roba, irin waɗanda ake sayarwa gutsi-gutsi a cikin kwali, mutum ya manna, ya yi musu fenti.

Shi kuwa ba ya tsayawa ga abin da ke cikin kwali. Ya ce masu yin waɗannan kaya malalata ne, sukan bar mazaunin matuƙi fayau, kujera kamar akwatin ashana. Don haka da hannunsa yake ƙera sauran. Bel ɗin kujera daga takardar azurfa ta fakitin magani yake yanko shi. Bututun birki daga wayar tsohuwar rediyo. Guntun robar da ya rage kuwa yakan kara shi a kan kyandir, in ya yi laushi ya ja shi har ya zama siriri kamar gashi, ya yi eriya da shi.

Ana nan sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi. Allah ya taƙaita, ya tashi, bakinsa ya dawo daidai, ƙafa ta taka. Amma hannun hagu ya ƙi. Yana ɗagawa, ba ya riƙo.

Babbar 'yarsa, ma'aikaciyar jinya ce, ita ke riƙe da gidan tun rasuwar mahaifiyarta. Kwamanda yake kiranta, saboda ba ta faɗin magana sau biyu. Wata rana ta shiga ɗakin aikinsa ta tarar da jini a tebur, a ƙasa, har a jikin fukafukin jirgi. Reza ce ta zame ta yanke shi a yatsa, ga shi yana shan maganin tsinka jini. Ya naɗe yatsan da tsumman fenti yana ci gaba da aiki abinsa.

Ta wanke yatsan, ta ɗaure. Sai ta fita ta dawo da babban kwali.

"Wannan fa?" ya tambaya.

"Na kayan nan ne, Baba. Reza, wuƙa, kyandir, duka. Ɗakin kuma rufe shi zan yi. Ga talabijin can a falo."

"Talabijin? Ki zaunar da ni kamar tulu ina kallon mutane suna ihu? To me ya rage, sai ki kira masu wanka."

"Baba, don Allah daina irin wannan magana."

"Ke ki daina irin wannan aiki. Hannu ɗaya aka karɓa, ba a karɓi kaina ba."

Suka yi ta ja, ba mai sassautawa. Daga ƙarshe shi ya kawo sharaɗi. Ya nuna jirgin da ke gabansa, wani mai dogon hanci da fukafukai a karkace, sunansa ya kuɓuce min yanzu. Ya ce, "In na kasa gama wannan, ki kwashe komai, ba zan ce uffan ba. In kuwa na gama, ba mai sake taɓa min tebur har in mutu."

Kwamanda ta dubi hannun da ke kwance a cinyarsa. Ta ce, "Na yarda." Ta ajiye kwalin a bayan ƙofa, inda zai riƙa ganinsa.

Daga ranar Mai-agogo ya shiga yaƙi. Ya samo maƙalan shanya kaya suka zama yatsunsa na hagu. Abin da maƙali ya kasa riƙewa, sai ya danne da gwiwar hannu. Wani lokaci guntu ya tsalle daga bakin hantsaki ya ɓace a ƙasa, sai ka ga dattijo a durƙushe da tocila yana zagin guntun roba kamar wanda ya ci masa amana. In bai gani ba, ya ƙera wani.

A hankali mazaunin matuƙi ya cika. Ga kujera da bel ɗinta, har da ƙananan ƙugiyoyi. Ga sandar tuƙi. Ga allon agoguna, kuma a nan ne ya nuna asalinsa, domin kowane agogo, duk da bai kai ƙwayar gero ba, sai da ya zana masa hannu da bakin allura. Wanda bai taɓa gwada irin wannan aiki ba zai ce ɓata lokaci ne. Wanda ya gwada ya san akwai wata natsuwa a ciki da ba a samu a ko'ina.

Abu ɗaya ya rage: murfin gilas, wato 'yar robar nan garai-garai da ake kifawa a kan mazaunin matuƙi, ta cikinta ake hango duk wahalar da aka sha.

To, masu wannan sana'a suna da ƙa'ida. Ba a manna murfi da gam mai kamawa nan take, domin tururinsa kan bi cikin robar ya mayar da ita fara. Da farin gam irin na kafinta ake yi, shi kuma sai an danne an jira. Murfin Mai-agogo kuwa ya ɗan lanƙwashe saboda daɗewa a kwali. In ya danne gaba, baya ya tashi. In ya danne baya, gaba ya ɗaga. Maƙali ba ya kama shi. Aikin hannu biyu ne.

Kwamanda tana bakin ƙofa tana gugar kayan aikinta, tana jin tsakinsa.

"Baba, akwai abin da zan riƙe maka?"

"Riƙe dutsen gugarki."

Ya san ƙa'idar gam ɗin nan sarai. Shi da kansa ya sha yi wa wasu gargaɗi a kan wannan. Amma ya ce a ransa, ɗigo ɗaya ne, ba zai yi komai ba. Ya ɗauko gam mai kamawa nan take, ya ɗiga gaba, ya danna, ya ɗiga baya, ya danna. Murfi ya zauna cas.

Kashegari ya shigo ya tarar da murfin ya yi fari kamar an shafa masa alli daga ciki. Ba kujera, ba bel, ba agoguna. Ya sa bakin reza zai ɓalle shi ya goge, sai ya ji ƙas. Murfi ya rabe biyu.

Yana zaune jugum sai ga tsohon abokinsa Mai-hoto, wanda su biyu suka kamu da wannan ciwo na jirage. Ya saka tabarau, ya duba, ya kwashe da dariya.

"Kai, tsoho! Kai ne da kanka? Kai da ka kira ni jaki a kan wannan gam ɗin?"

"Yi dariyarka ka gama. Ana samun murfin?"

"Ina! An daina yin wannan jirgi tun muna da haƙora. Amma ga dabara. Ka yanko ƙyalle ka lulluɓe wurin, ka ce tamfol ne, jirgin yana hutawa a fili. Kwamanda ba za ta gane ba."

"Ni zan gane."

"To ka gaya mata gaskiya mana, ta ɗaga maka ƙafa."

"In durƙusa wa yarinyar da na goya? Sabon murfi zan yi."

Mai-hoto ya dubi shanyayyen hannun. Ya ce, "Allah ya ba da sa'a, mai taurin kai."

Mai-agogo ya samo guntun katako daga ƙafar wata karyayyiyar kujera. Ya matse shi tsakanin gwiwoyinsa, ya sassaƙa siffar murfin, ya bi da samfefa har ta yi santsi kamar ƙwai. Ya kafa ta a kan sanda. Ya tara robobi garai-garai, irin waɗanda ake rufe kwalin sabuwar riga da su. Ya huda wani falankin katako a tsakiya, ya kafe roba a kai da ƙananan ƙusoshi.

Yadda ake yi shi ne, a kara robar a saman wuta har ta yi laushi ta ɗan zubo, sannan a yi maza a danna ta a kan siffar, hannu biyu su sauka tare. In gefe ɗaya ya riga, aiki ya ɓaci.

Yakan jira Kwamanda ta tafi aiki, sai ya shiga kicin ya kunna murhun gas. Murfi na farko ya fito a karkace. Na biyu ya yage. Wani ya yi ƙuraje, wani ya yi kama da hular da aka zauna a kai. Ya riƙa ɓoye su a aljihun riga, yana cewa gobe.

Wata rana da la'asar ya ce bari ya ƙara matsar da robar kusa da wuta, ko ta fi laushi ta yi masa sauƙi. Ta narke, ta ɗiga a kan murhu, ta kama da wuta. Ya yi ƙoƙarin tallafar falankin da hagu, hagu ta sake shi. Narkakkiyar roba ta manne masa a wuyan hannu, baƙin hayaƙi ya cika kicin.

A daidai nan Kwamanda ta turo ƙofa, an tashe su da wuri.

Ta kashe gas, ta jefa falankin cikin ruwa, ta riƙe hannunsa a ƙarƙashin famfo. Da ta gama shafa magani sai ta tsaya a gabansa.

"Gida za ka ƙona mana, Baba? A kan jirgin roba?"

"Gidana ne."

"Ni kuma uba ɗaya gare ni! Yau zan kwashe su, wallahi."

"Kwashe! Ki kwashe reza, zan wasa cokali. Ki rufe ɗaki, zan yi a kan gado. Kin san abin da nake tashi dominsa da safe? Ba maganinki ba ne."

Ta juya, ta ɗauko kwalin nan daga bayan ƙofa, ta shiga ɗakin aiki. Ya bi ta a baya yana dogara bango. Ta kai hannu tebur, sai idonta ya faɗa cikin mazaunin matuƙi da ke buɗe. Ta sunkuya. Ta ɗauki madubin idonsa ta kara. Ta daɗe a haka.

"Waɗannan agogunan, da hannu ɗaya ka yi su?"

"A'a, da ƙafa."

Ba ta yi dariya ba. Ta ajiye madubin ta ce, "Amma bai ƙare ba, Baba. Kai ka sa sharaɗin."

Gaskiya ta faɗa, ya kuma sani. Ya dubi kwalin, ya dubi jirgin, ya dubi hannunsa na hagu. Maganar da zai faɗa ta fi duk ƙwayoyin da take ba shi ɗaci. Ya gyara murya.

"Na ce zan gama. Ban ce da hannun wa ba. Ajiye kwalin nan ki ara min naki."

"Roƙo ne ko umarni?"

"Kar ki ƙure ni, Kwamanda."

"Sai na ji."

Ya ɗauke kai gefe. "Roƙo ne."

Suka koma kicin, suka buɗe tagogi. Ita ta riƙe falanki, shi ya tsaya a kafaɗarta yana lura da robar. "Ɗaga sama. Sama na ce! Jira. Jira mana. Yanzu!" Ta danna, murfi ya fito a karkace fiye da nasa.

"Haka kike yi wa mutane allura? Allah ya jiƙan marasa lafiya."

"Baba, in ka sake magana zan ajiye."

Na gaba ya yage. Na bayansa ta tsorata ta ɗaga da wuri. Ana cikin haka ta daina kallon fuskarsa, ta fara kallon robar da kanta. Ta ga ta yi sheƙi, ta ɗan zubo, kafin ya buɗe baki ta riga ta danna. Hannu biyu suka sauka tare.

Ya ɗaga murfin a hasken taga. Garau, ba ƙurji, ba lanƙwasa. Bai yaba ba, sai ya ce, "To, ba laifi."

Ya yanke gefensa a hankali, ya shafa farin gam. Ta danne gaba da baya da yatsunta, suka zauna suna jira. Tun da ya kwanta ciwo ba su taɓa zama wuri ɗaya haka ba tare da an yi maganar magani ba.

Da jirgi ya kammala, Kwamanda ta tsaya tana leƙa agogunan ta cikin murfi. Ta ce, "Teburinka ne, ba mai taɓa shi. Amma wuta da reza, sai ina nan."

"Ba a sa wannan a sharaɗi ba."

"Yanzu aka sa."

Ya yi tsaki, ya jawo wani sabon kwali daga ƙarƙashin tebur, ya fi na farko girma, jirgi mai inji biyu da mazaunin mutum biyu.

"To jawo kujera ki zauna," in ji shi. "Wannan murfinsa biyu ne."

Darasi: Kada ka yarda ciwo ko tsufa ko tausayin mutane su raba ka da abin da ke raya zuciyarka. Amma ka sani, ƙin sarewa daban, ƙin neman taimako daban. Na farko ƙarfi ne, na biyu girman kai ne, kuma shi ke ɓata aikin da aka sha wahala a kai. Ku kuma masu kula da iyaye, kafin ku kwashe musu kayan aiki don tsoro, ku gwada ara musu hannu. Ku tura wannan labari ga duk wanda kuka san yana fama shi kaɗai alhali akwai mai son ya riƙe masa.