Mutumin da Saƙo Dubu Huɗu ke Jiransa

An yi wani mutum nan garin Tawa, ma'aikaci a wani buro, wato ofis, mai kula da ruwan sha na ƙauyuka. Ba ya sata, ba ya shan giya, sahun farko yake salla. Laifinsa ɗaya: ba ya buɗe imel.

Ya 'yan uwa, kada ku ce bai iya ba. Ya yi jami'a. Ra'ayinsa shi ne, mai buƙata ta gaskiya da ƙafarsa yake zuwa, ya yi sallama, ya tambayi iyali, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. Wanda ya rubuto kuwa, ai bai matsu ba.

Haka saƙonni suka taru har dubu huɗu da ɗari bakwai. A wurin taro yakan ɗaga waya ya nuna adadin, kamar mai nuna garken shanu.

Sai wata ƙungiya ta rubuto. Tana da famfo mai aiki da hasken rana, tana son sunan ƙauye ɗaya da za ta kai wa cikin kwana goma. Sunan yana nan a teburinsa: wani ƙauye a gefen Takanamat, inda mata ke jan ruwa a rijiya mai gaba arba'in. Saƙon ya kwanta tsakanin gaisuwar Juma'a da tallar takalma. Aka sake rubutowa sau biyu. Da aka ji shiru, aka kai famfon wata jiha.

Darakta bai yi faɗa ba. Ya aiko masa takardar canjin wurin aiki, ta imel. Sai da ya tarar da wani a kujerarsa ya san an ɗauke shi. Ina aka tura shi? Ƙauyen nan dai.

Safiyar farko ya je rijiya da jarka. Wata tsohuwa, Ummul Kulsum, ta dube shi sama da ƙasa.

"Kai na mai buron da ba shi karanta wasiƙa?"

"Ni ne, Inna."

"To riƙa igiya, ɗana. Ita ba a ce mata sai gobe."

Tafin hannunsa ya sale, ya warke, ya sake salewa. Nan ya tuba. Kullum bayan asuba da bayan la'asar sai ya hau tudun da waya ke kamawa. Saƙon da layi biyu zai isa, ya amsa nan take. Wanda ba nasa ba, ya tura wa mai shi. Masu talla ya sallame su. Na aiki mai nauyi ya ware, ya sa masa rana. Ya rubuta wa ƙungiyar da kansa, ya ce laifin nasa ne, ba na ƙauyen ba.

Bayan shekara suka rubuto, ya amsa kafin shayinsa ya huce. Yau famfo na zuba. Kujerarsa ta Tawa dai ba ta dawo ba.

Ya 'yan uwa, saƙo amana ne. Bayan kowane ɗaya akwai mutum tsaye bakin ƙofa, ya yi sallama yana jira. Mutum nawa ka bari a rana? Ku buɗe yau, tun yatsa ya isa, kafin abin ya kai ga igiya.

Allah ya kiyaye mu da danne haƙƙin masu jira, ya ba mu ikon amsawa a kan lokaci. Amin.