Kurege da Harajin Ramuka

Ga ta nan tafe gare ku.
Ta iso mu ji ta.

Kurege ya saye ramukan daji kaf ya toshe, yana jiran damina su yi tsada.

A taron dawa Bushiya ta ce, "'Ya'yanmu a waje suke kwana. A sa haraji kan duk ramin da ba kowa ciki."

Kurege ya ce, "Hassada ce kawai." Zaki dai ya bi bayan Bushiya.

Don ya kauce wa harajin, sai Kurege ya zuba macijiya Kasa da 'ya'yanta a ramukan, su zauna kyauta.

Damina ta sauka, masu saye suka taru. Kurege ya leƙa ramin Kasa ya ce, "Yaya, lokacin tashi ya yi."

Kasa ta ce, "Shigo mu tattauna, ƙanena."

Har yau bai shiga ba.

Ƙurunƙus, kan ɓera ya rufe ta.