Wa Zai Zaunar da Lasisi Kafinta?

Ku matso ku ji wata magana da har yau ba a gama ta ba a Mashigin Kuka. Ran da aka zaɓi Lasisi Kafinta shugaban garin na farko, dattawa suka ce ba zai zauna kan kujera da kansa ba, sai wanda ya fi kowa hakki a kansa ya kama hannunsa ya zaunar da shi. Mutum uku suka miƙe.

Na farko Ɗan'azumi mai jirgin ruwa. Shekara talatin da suka wuce, Lasisi ya baro Ogbomosho da akwatin zarto da guduma, jirgi ya kife da su a tsakiyar kogi. Da yake kafinta ne mai taurin kai, ya ƙi sakin akwatin. Ɗan'azumi ya yi nutso har sau uku, ya fito da shi da kayan aikinsa duka.

Ta biyu Inna Tasalla mai tuwo. A makonsa na farko an kira Lasisi gyaran ƙofa, ya wuce zaure kai tsaye ya faɗa cikin gida da ma'auni a hannu, ba sallama, don a garinsu haka ake yi. Mata suka watse da ihu, maza suka ɗauko sanduna. Tasalla ta tare ƙofa ta ce, "Ɗana ne, tuwona yake ci. Wanda zai dake shi ya fara da ni." Ita ta koya masa Hausa da tsayawa a zaure, ita ta nema masa aure.

Na uku Malam Jatau mai haƙar kabari, wanda ba kasafai ake jin muryarsa ba. Da aka zo zaɓe, wasu suka ce baƙo ba zai shugabance su ba, waɗanda suka yi layi a bayan Lasisi suka fara zarewa. Jatau ya ce, "Wace gawa ce a garin nan ba a makarar da ya ƙera aka ɗauke ta ba? Matarsa tana kwance kusa da iyayenku mata, ni na haƙa. Wane baƙo kuma?" Mutane suka koma bayan Lasisi ɗaya bayan ɗaya.

Lasisi ya dubi ukun, hawaye suka cika masa ido, don ya san duk wanda ya zaɓa ya kunyata biyu a gaban jama'a. Ya ce, "Ku kama ni gaba ɗaya mana."

Babban dattijo ya ce, "A'a, Kafinta, hannu ɗaya za ka miƙa."

Rana ta take, yana nan tsaye. To jama'a, wanda ya ceci ransa, da wadda ta hana a kore shi, da wanda ya mai da shi ɗan gari, wa ya fi cancanta ya kama hannun nan?